Wasa ɗaya, farashi biyu: tambayoyi da amsoshi kan tsadar gem a na'urar hannu da arharsa a waya

Wanda ya saba buga gem a waya, daga baya Allah ya hore masa ya sayi Switch, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Nintendo, yakan sha mamaki ranar da ya fara leƙa shagon Nintendo na intanet. Wasan da ya saya dala 5 a waya, ga shi nan an rubuta masa dala 15, wani ma har 30. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin 'yan gem da iyayen da kuɗin ke fita daga aljihunsu. Farashin da aka ambata na shagunan Amurka ne, ba tare da ragi ba, kuma yakan hau ya sauka.

Wace na'ura ake nufi da na'urar wasa ta hannu?

Ita ce wadda aka ƙera musamman don wasa, tana da allonta da maɓallanta da batirinta, kana iya jefa ta a jaka ka tafi. Kakarsu da kowa ya sani ita ce Game Boy ta kamfanin Nintendo na Japan, wadda ta fito a 1989. Bayanta aka yi Nintendo DS da PSP ta Sony a 2004, sai 3DS da PS Vita, sai Switch a Maris na 2017, wadda ake bugawa a hannu kuma a haɗa ta da talabijin. Steam Deck ta kamfanin Valve ta shigo a 2022, Switch 2 kuma a Yunin 2025. Yawancin bayanin nan a kan Switch yake, don a kanta aka fi yin wannan gardama.

Da gaske ne wasa ɗaya yana da farashi biyu, ko zuzutawa ake yi?

Ba zuzutawa ba ce. Stardew Valley, wasan nan na noma da kiwo, dala 14.99 ne a Switch. Da ya zo iPhone a 2018 an sa masa 7.99, daga baya ya sauko zuwa 4.99. Minecraft dala 6.99 a waya, 29.99 a Switch. Terraria 4.99 a waya, 29.99 a Switch, wato ninki shida. Slay the Spire 9.99 da 24.99. Among Us kyauta ake sauke shi a waya, amma mai Switch sai ya biya dala 5. Akwai masu ɗan sauƙin tazara, irin Balatro da ya tsaya a 9.99 da 14.99.

Abin kuma ba yau ya fara ba. Angry Birds ya fito a iPhone a ƙarshen 2009 a kan santi 99, ko dala ɗaya bai cika ba. A 2012 aka haɗa wasanninsa uku a kaset ɗaya aka kai wa masu 3DS a kan dala 29.99. Wanda ya sayi ukun nan a waya bai kashe dala 3 ba.

Wasan ɗaya ne sak, ko na waya ana rage masa wani abu?

Ya danganta. A da, na waya yakan zo a ƙuntace: an rage hoto, an cire wasu matakai, an sauƙaƙe shi don yatsa. Har yanzu ana samun haka. Stardew Valley na waya ya yi shekaru ba a iya buga shi da abokai, alhali masu Switch suna yi, kuma sababbin gyare-gyare sukan riga isa kwamfuta da Switch. Amma Minecraft kam abu ɗaya ne, har mai waya da mai Switch suna shiga duniya ɗaya su yi gini tare. Ƙarin da mai Switch ya samu bai wuce kayan ado na Mario ba, kuma ba wanda zai rantse cewa adon ya kai dala 23.

Babban bambancin a hannu yake. A waya manyan yatsunka biyu suna rufe gefen allo, gilashi ba ya gaya maka ka danna ko ba ka danna ba, idan zufa ta zo yatsa ya zame. Ka ɗauki wasa irin Dead Cells, inda ƙiftawar ido ke raba tsira da mutuwa: a Switch yatsanka na jin maɓalli ya shiga ya dawo, a waya kuwa sau da yawa kana mutuwa ne don ka taɓa gefen inda aka zana maɓallin. Ga kiran waya da zai faɗo ana tsakiyar faɗa, ga bayan waya ya ɗau zafi, ga batir yana zuba. Sai dai a lura da abu ɗaya: maɓallan nan kai ka saye su da kuɗinka ranar da ka sayi na'urar, ba mai gem ne ya ba ka ba. Wasan kati ko na tunani, irin Balatro, a waya ma ya fi daɗin taɓawa.

Ko Nintendo ne ke cin kaso mai yawa, shi ya sa masu gem ke ƙara kuɗi?

Wannan shi ne zargin farko da mutane ke yi, kuma bai riƙe ruwa sosai ba. Kason da shagunan intanet suka saba ɗauka kashi 30 cikin ɗari ne, ko Apple, ko Google, ko Steam (shagon wasannin kwamfuta na Valve), ko masu na'urorin wasa. Tun 2021 Apple da Google suka rage wa ƙananan masu manhaja zuwa kashi 15 a kan abin da bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba, don haka ƙaramin kamfani yana ɗan samun sauƙi a waya. To amma tazarar kashi 15 ba za ta mayar da dala 5 ta koma 30 ba. Idan lissafin kaso kaɗai za a bi, wasan dala 5 ba zai wuce dala 6 da 'yan santi ba.

To kaset fa? Ba shi ke kawo tsadar ba?

A nan akwai ƙamshin gaskiya. Kaset ɗin Switch ɗan ƙaramin kati ne mai ma'ajiya a ciki, ya fi faifan PlayStation tsadar bugawa, kuma iya girman ma'ajiyarsa iya kuɗinsa, daga gigabait 1 har zuwa 32. Ta hannun Nintendo ake yin odarsa, a biya tun kafin a sayar da ko ɗaya. Sai kuɗin kwali, da dako, da ribar mai kanti, da kuɗin hukumomin da ke tantance shekarun da suka dace da wasa. Wanda bai sayu ba kuma ya zama kwantai.

Shi ya sa a 2017 aka ga L.A. Noire dala 49.99 a Switch, alhali 39.99 ne a PlayStation 4. Haka Rime, an fara sanar da ƙarin dala 10 a Switch, mutane suka yi ca a kan kamfanin, sai aka sauke farashin wanda ake saukewa ta intanet ya yi daidai da na sauran na'urori, na kaset ya zauna yadda yake. Tun lokacin 'yan gem suke kiran irin wannan ƙari harajin Switch. Wasan waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ɗawainiyoyi, don ba a taɓa sa shi a kwali ba.

Idan kaset ne, me ya sa wanda ake saukewa daga shagon Nintendo bai fi araha ba?

Saboda masu kanti. Kamfanin da ke son kantuna su jera masa kaset ba ya so ya karya musu farashi a intanet, don mai kanti ba zai ajiye kayan dala 40 ba alhali ana samunsa dala 25 daga ɗaki. Sai a daidaita su, mai saukewa ya biya kuɗin kwalin da bai gani ba. Wannan bayani yana aiki ga manyan wasanni masu kaset. Ga ƙananan da ba su taɓa shiga kwali ba, hujjar ta faɗi gaba ɗaya, sai a nemi dalili a amsar da ke magana kan ainihin abin da ke yanke farashi.

Aikin mayar da wasa ya hau Switch ya fi na waya wahala ne?

Kowanne da irin ciwon kansa. Mai son shiga Switch sai Nintendo ya amince da shi, ya sayi na'urar gwaji ta musamman, sannan wasan ya bi ta hannun masu duba na kamfanin, waɗanda za su iya mayar da shi baya saboda ƙaramin kuskure. Ƙananan kamfanoni da yawa sukan ɗauki wani kamfanin haya ya yi musu wannan aiki, shi ma da kasonsa. A waya ƙofar a buɗe take: dala 99 a shekara wurin Apple, dala 25 sau ɗaya wurin Google.

Sai dai shiga da sauƙi, zama da wuya. Switch iri kaɗan ce, abin da ya yi aiki a ɗaya zai yi a saura. Wayoyin Android kuwa dubbai ne, daga Samsung mai tsada har Itel mai ƙaramar ma'ajiya, kowace da girman allonta da ƙarfin injinta. Dole a sake zana yadda ake sarrafa wasan don yatsa, a ƙara girman rubutu, sannan duk shekara Apple da Google su fito da sabon tsari a sake bin wasan da gyara. Sau da yawa na waya ya fi cin aiki, kuma shi ne mai araha. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kuɗin aiki ke yanke farashi ba.

To mene ne ainihin abin da ke yanke shi?

Abin da mai saye ya saba biya a wurin. Ruwan gora ɗaya ne a tasha da filin jirgin sama, amma kowa ya san kuɗinsu ba ɗaya ba, kuma ba ruwan ne ya canza ba. Wanda ya fitar da dala 300 ya sayi Switch ya riga ya nuna cewa wasa ya zo yi, kuma a shagon da ya shiga manyan wasanni dala 60 ne. Idan ya ga na dala 15 sai ya ga tsintuwa. Mai waya kuwa don kira da WhatsApp ya saye ta, wasa na rage zaman jira ne, kuma kusan duk abin da ke kewaye da shi kyauta ne. A idonsa dala 5 ma tsada ce.

Yadda aka kai ga haka yana da tarihi. Apple ya buɗe App Store a Yulin 2008, kuma a farkon kwanaki ana sayar da wasanni dala 9.99 ba wanda ya ɗaga gira. Amma jerin waɗanda suka fi kasuwa yana bin yawan saye ne, don haka kowa ya shiga karya farashi don ya hau sama, har aka taru a santi 99. A Oktoban 2009 Apple ya ba manhajojin kyauta damar sayar da abubuwa a cikinsu, daga nan farashin shiga ya faɗi zuwa sifiri. Cikin 'yan shekaru aka tarbiyyantar da ɗaruruwan miliyoyin mutane a kan cewa wasa ba abin saye ba ne.

Satoru Iwata, shugaban Nintendo na lokacin, ya hango haka. A taron masu ƙirƙirar wasanni na San Francisco a 2011 ya yi gargaɗin cewa idan darajar wasa ta zube, masu yin sa da kyau ba za su iya ci da sana'ar ba. A lokacin wasannin 3DS dala 39.99 ne, don haka da yawa suka ce kasuwarsa yake karewa. Kasuwarsa yake karewa ɗin, amma hakan bai hana maganarsa fitowa ba.

An taɓa gwada sa wa wasan waya farashinsa na gaskiya?

An gwada, kuma yawanci an sha ƙasa. Nintendo da kansa ya saki Super Mario Run a Disambar 2016: matakan farko kyauta, sauran a biya dala 9.99 sau ɗaya, ba talla, ba ƙarin roƙo. An sauke shi fiye da sau miliyan 200 cikin shekara ɗaya, amma kamfanin ya fito ya ce ribar ba ta kai inda yake so ba, kuma shagon ya cika da masu ba shi tauraro ɗaya don haushin an ce su biya. Bayan wata biyu kamfanin ya saki Fire Emblem Heroes kyauta, ana sayen damar jawo jarumai a ciki. Waɗanda suka sauke shi ba su kai na Mario ba ko kusa, amma kuɗin da ya tara ya ninka na Mario sau da yawa.

Monument Valley, wanda wani ƙaramin kamfani na Landan ya yi, dala 3.99 ne. Da suka ƙara sababbin matakai a 2014 suka nemi dala 1.99, sai zagi ya yi musu rubdugu. Kamfanin Capcom ya kai sabon Resident Evil 4 kan iPhone 15 Pro a ƙarshen 2023 a kan dala 59.99, daidai da na manyan na'urori, rahotanni kuma suka nuna masu biya 'yan kaɗan ne. Kamfanin Square Enix kuwa ya daɗe yana taurin kai, yana sayar da tsofaffin Final Fantasy dala 15 zuwa sama a waya, ana yi masa tsiya yana ci gaba, don yana da tsofaffin masoya da ba sa taya kaya.

Amma ai kyauta ta fi komai araha. Ina matsalar?

Matsalar ita ce kuɗin da ba a karɓa a ƙofa ba ana karɓarsa a ciki. Wasan da aka gina a kan kyauta dole ya nemo inda zai matse ka: talla bayan kowane mataki, ƙarfin da ke ƙarewa sai ka jira awa huɗu ko ka biya, lu'ulu'u da zinare na bogi da ake saye da kuɗin gaske don ka manta nawa kake kashewa, da akwatin sa'a da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Mafi yawan mutane ba sa biyan ko kwabo. 'Yan tsiraru ne ke zuba ɗaruruwa, wasu dubban daloli, kuma da su ake ƙera wasan a zuciya.

Iyaye su suka fi sanin zafin abin. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Apple ya mayar da aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma miliyan 19, saboda sayayyar da yara suka yi ba da izinin iyaye ba. Beljiyam ta ɗauki akwatin sa'a a matsayin caca a 2018, har Nintendo ya janye wasanninsa biyu na waya daga ƙasar a shekarar da ta biyo. Wasan dala 30 da aka biya sau ɗaya yana iya fin na kyauta araha nesa ba kusa ba, musamman idan katin banki na maƙale a wayar da yaro ke riƙewa. A kiyaye dai, irin wannan ciniki ya riga ya shiga Switch ma, Fortnite yana can tun 2018.

Wanne ya fi daɗewa a hannun mutum bayan ya saya?

Kaset ya fi. Kaset ɗin Game Boy na 1989 har yau yana tashi idan ka sami na'urarsa. Na Switch kana iya ara wa aboki, ka yi musaya, ko ka sayar idan ka gama, kuma wasannin Nintendo ba sa faɗuwa sosai a kasuwar na hannu, don kamfanin ba ya son ragi: Mario Kart 8 Deluxe ya fito a 2017 ya yi shekaru a dala 59.99. Idan ka sayi kaset 60 ka sayar 35, ainihin abin da ka kashe 25 ne.

Wasan waya kuwa aro ne mai kama da saye. Da Apple ya fito da sabon tsarin iPhone mai suna iOS 11 a 2017, tsofaffin manhajoji masu yawa da ba a sabunta ba suka daina buɗewa, wasanni da yawa da mutane suka biya suka mutu a tsaye. Wasan Infinity Blade, wanda Apple ya taɓa yin alfahari da shi, an cire shi daga shago a ƙarshen 2018. Amma na saukewa a na'urar hannu ma ba tabbas gare shi ba: shagon 3DS ya daina sayar da kaya a Maris na 2023. A Switch 2 kuma an kawo wani irin kati da ba wasa a cikinsa, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan da datarka. Ana iya sayar da shi, amma ranar da aka rufe inda ake saukewa ya zama roba.

To a taƙaice, ya kamata na na'urar hannu ya fi tsada ko kuwa?

Ya kamata ya ɗan fi, a wasu halaye. Idan kaset ne, ƙarin dala 10 yana da hujja. Idan na waya yana da talla na Switch ba shi da shi, dala 5 kuɗin kwanciyar hankali ne, ba zalunci. Idan an ƙara wasan mutum biyu a allo ɗaya, ko an sake hoton, ko na Switch ya riga fitowa da shekara guda, nan ma ba a yi cuta ba. Tazara irin ta Balatro, 10 da 15, kusan kowa zai haɗiye ta.

Inda ba ni da abin kare kamfani shi ne wasan da ya tsufa, ba kaset, ba ƙarin komai, a ninka shi biyar ko shida don kawai an san mai Switch zai biya. Terraria na dala 29.99 alhali 9.99 ne a Steam, 4.99 a waya, misali ne da ke da wuyar wankewa. Amma masu cewa a sauke komai zuwa farashin waya su ma su yi hattara da abin da suke roƙo. Farashin waya ba shi ne na gaskiya ba, shi ne wanda ya karye. Wasa irin Stardew Valley, da mutum ɗaya, Eric Barone, ya kwashe fiye da shekara huɗu yana yi, kuma ake buga shi sa'o'i ɗaruruwa, dala 15 ba ta yi masa yawa ba, dala 5 ce ta yi masa kaɗan. Idan shagon Nintendo ya koma santi 99, abin da zai biyo baya shi ne wanda aka bayyana a sama game da wasannin kyauta.

Kenan mai Switch ne ke biya wa mai waya?

Kusan haka ne ga wasannin da suka fara fitowa a kwamfuta da na'urori. Dead Cells ya fito cikakke a 2018, ya zo iPhone a 2019. Slay the Spire ma sai da ya ci kasuwarsa a kwamfuta da Switch kafin ya sauka a waya. Kafin lokacin an riga an mayar da uwar kuɗi, duk abin da waya ta kawo riba ce a kan riba, shi ya sa ake iya sakin sa da araha. Mai waya yana biyan nasa da jira. Haka aka yi da Grand Theft Auto: Chinatown Wars, ya fito a DS a 2009 sama da dala 30, bai cika shekara ba ya zo iPhone a 9.99.

Steam Deck fa? Ita ma ta hannu ce, me ya sa wasanninta suka fi araha?

Don kwamfuta ce aka yi mata siffar na'urar hannu, farashin kasuwar kwamfuta take bi. Ba kaset, ba mai kanti da za a ji tsoro, ga ragi na bazara da na ƙarshen shekara da ke sare rabi ko fiye. Wasan da ka saya a Steam shekara goma da suka wuce yana nan cikin asusunka, kuma idan ka sayi sabo bai yi maka ba kana iya karɓar kuɗinka matuƙar ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba, cikin kwana 14. Nintendo ba ya yin wannan sassauci. Na'urar kanta ta fi Switch ta farko tsada, da ta fito a 2022 daga dala 399 ta fara, ga nauyi, ga shan batir, kuma ba Mario ba Zelda. Kasancewarta kaɗai ta nuna cewa riƙewa a hannu ba shi ke sa wasa tsada ba.

Idan na sayi wasa a waya, sai na sake saye a Switch?

Sai ka sake. Kowane shago da kasonsa, Apple ba zai sayar Nintendo ya ba da kaya ba. Ko tsakanin iPhone da Android ma haka ne. Abin da ke bin ka wani lokaci shi ne ci gaban da ka yi da kayan da ka saya a ciki, idan wasan yana da asusun kansa, kamar na Microsoft a Minecraft ko na Epic a Fortnite. Sannan yawancin wasannin kuɗi a Switch ba sa shiga intanet da abokai sai da Nintendo Switch Online, dala 19.99 a shekara, abin da mai waya ba ya biya.

Tsarin biyan wata-wata ya gyara lamarin?

Ya ɗan toshe wata ɓaraka. Apple Arcade ya fara a Satumbar 2019 a kan dala 4.99 a wata, daga baya ya koma 6.99, wasanni ba talla ba saye a ciki. Google yana da Play Pass, Netflix ma ya shiga harkar a 2021. Ga mai gem, kuɗi ne a hannu daga babban kamfani maimakon roƙon dala 5 wurin mutanen da ba sa son biya. Ga mai bugawa, ranar da ya daina biya komai ya rufe, kuma wasa yakan fita daga jerin ko da yana tsakiyarsa.

Ga mai biya da naira ko sefa, lissafin ɗaya ne?

Ya fi zafi. Google Play yana nuna farashi da naira, kuma mai gem yana iya sa wa kowace ƙasa nata farashin, don haka wasu wasannin sukan zo ƙasa da na Amurka. Nintendo kuwa bai buɗe wa Najeriya ko Nijar shago ba. Mai Switch yakan sa asusunsa a Amurka ko Ingila, ya sayi katin kuɗi na shagon wurin dillalai, su ma su ɗora nasu. Tun da naira ta faɗi a 2023, wasan dala 60 ya kai kuɗin ƙaramar waya sabuwa. Shi ya sa a wajenmu kaset na hannu da musaya suka fi tasiri fiye da yadda suke a Turai, kuma maganar sake sayarwa da aka yi a sama ita ce rabin lissafin. Kaset yana kuma rage cin data, sai dai gyare-gyaren da ake saukewa.

Tunda ana samun wasannin waya a tura wa juna ba biya, me zai sa in saya?

Wannan ɗabi'a tana cikin abin da ya karya farashin tun farko. Masu Monument Valley sun bayyana a farkon 2015 cewa kashi 5 cikin ɗari kawai na waɗanda suka sa wasan a Android ne suka biya, a iPhone kashi 40. Kamfanin da ya ga haka, gobe ko dai ya ƙi kawo wasansa Android, ko ya cika shi da talla ya ɗaure shi da intanet don kada a kwafa. Ban da haƙƙin mai abu, fayil ɗin da aka fasa aka sake ɗinkewa ba ka san abin da aka cusa masa ba, kuma a wayar da manhajar bankinka take za ka sa shi.

Ina da waya ina da Switch. A ina zan sayi wasan da ke duka biyun?

Duba irin wasan tukuna. Na kati, na lissafi, na noma, duk wanda ba gaggawa a cikinsa, saya a waya ka riƙe canjinka. Na faɗa, tsere da tsalle-tsalle, ko wanda za ku buga da ƙanne a talabijin, Switch. Idan wayarka mai ƙarfi ce, fad, wato abin sarrafa wasa mai maɓallai da ke haɗuwa ta Bluetooth, yana rufe mafi yawan tazarar, amma ka tabbatar wasan yana karɓar fad kafin ka biya, ba duka ke yi ba. Ka kuma leƙa ranar da aka yi wa na waya gyara na ƙarshe: idan ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, wataƙila an yi watsi da shi.

A Switch kuma kada ka sayi wasan ƙaramin kamfani a cikakken farashi sai in kana gaggawa. Sa shi a jerin abubuwan da kake so a shagon, ka jira. Ba kamar na Nintendo ba, irin su Dead Cells da Slay the Spire sukan sha ragi sau da yawa a shekara, wani lokaci rabin kuɗi ko fiye, har su matso kusa da farashin waya.